DARASIN WATA: Yadda Ake Haɗa Labarun Dare Na Talabijin

A cikin birnin Zariya, idan an idar da sallar isha'i, akan ga mutane sun taru a teburin mai shayi, ko a shagon mai aski, ko a zauren wani gida mai janareto, sun zuba wa akwatin talabijin ido. Haka abin yake daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Haka kuma yake a ƙauyukan da ke kewaye da birni, irin su Dakace da Wuciciri, in dai an sami wuta ko batir mai cajin rana. Da ƙarfe 9 ta yi sai a ji taken labarai. Sai mutum ya bayyana, namiji ko mace, cikin tsabtatacciyar sutura, ya gai da jama'a, ya shiga zuba labari ba gargada.

Mutane da yawa suna tsammanin wannan mutumin shi ne ya san duk abin da ya faru a duniya a wannan yini. Wasu ma cewa suke yi haddace labarun ya yi. To, ba haka ba ne. Shi ne na ƙarshe a dogon layin ma'aikata. Kafin labari ya iso bakinsa ya bi ta hannun mutane da yawa. Wani ya nemo, wani ya ɗauki hoto, wani ya yanke, wani ya rubuta, wani ya fassara, wani kuma ya zaɓi wanda za a fara da shi da wanda za a jefar. Duk wanda ya san wannan aiki zai fi iya sauraron labarai, kuma zai yi wuya a ruɗe shi.

TARIHI A TAƘAICE

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a birnin Badun ranar 31 ga Oktoba, 1959, lokacin da Cif Obafemi Awolowo yake Firimiyan Jihar Yamma. A 1962 gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta buɗe na Arewa a Kaduna, haɗe da gidan rediyo. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa hukumar NTA, ta haɗa gidajen talabijin na ƙasa a ƙarƙashinta. Labarun ƙasa na ƙarfe 9 na dare nata ne. Da can daga Legas ake watso su, yanzu kuwa babban ofishinta yana Abuja. Daga baya jihohi suka sake samun damar buɗe nasu, kamar yadda Jihar Kaduna take da nata a ƙarƙashin hukumar KSMC. A 1992, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa hukumar NBC mai sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin, aka kuma ba 'yan kasuwa izinin buɗe nasu. Daga nan ne tashoshi irin su Channels da AIT suka fito.

Zariya ma tana da hannu a wannan sana'a. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen koyar da aikin jarida, kuma kwalejin horar da ma'aikatan talabijin ta NTA da ke Jos tana da alaƙar karatu da jami'ar.

AIKI YA FARA TUN DA SAFE

Labarun da za a gani da dare, tun da hantsi ake fara dafa su. A kowane gidan talabijin akwai wani babban ɗaki da ake kira ɗakin labarai. Shugaban ɗakin shi ne edita. Da safe yakan tara wakilai, wato 'yan jarida masu fita neman labari, a yi taro. A gabansa akwai littafin da aka rubuta abubuwan da aka san za su faru: gwamna zai buɗe hanya, majalisa za ta zauna, kotu za ta yanke hukunci, za a fara sayar da taki, za a yi Hawan Daushe. Sai ya raba aiki. Wane ka tafi gidan gwamnati, wance ki tafi asibiti.

A nan ne ake fara zaɓe. Kyamarori ba su da yawa, motoci ba su da yawa, man fetur kuma da tsada. Idan gari yana da abubuwa goma, kyamara kuma uku ce, to bakwai sun faɗi ke nan tun kafin a fita. Yawanci abin da yake kusa da ofis, ko wanda manya za su halarta, shi ke samun kyamara. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake yawan ganin manyan riguna da ɗakunan taro a labarai, ba a cika ganin gona da rijiya ba.

Ban da wakilan gida, labari yakan shigo ta wasu hanyoyi. Akwai Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya, wato NAN, wanda aikinsa shi ne tara labarai ya rarraba wa jaridu da gidajen rediyo da talabijin. Akwai takardun sanarwa daga ma'aikatun gwamnati da 'yan sanda da fadar sarki. Labarun ƙasashen waje, kamar na Amurka ko Ingila ko Saudiyya, daga manyan kamfanonin dillancin labarai na duniya ake samo su.

LABARIN DA BA A SHIRYA MASA BA

Amma babban labari ba ya yin sallama. Ga misali daga cikin birnin Zariya, wanda har yau ba a manta da shi ba.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya da ke ƙofar fada ya rufta a kan masallata. Masallaci ne mai tsohon tarihi. Babban Gwani ne ya gina shi tun wajejen shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. An rasa rayuka, wasu kuma suka ji rauni. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Abin ya faru da misalin ƙarfe 4 na yamma. Tashar da ke karanta labarunta da ƙarfe 7 tana da awa uku ke nan kacal. Mai karantawa da ƙarfe 9 tana da awa biyar. A irin wannan rana duk tsarin da aka yi da safe sai ya wargaje. Tilas edita ya nemi wakilin da ya fi kusa da wurin, ya nemo masa mai ɗaukar hoto. Daga Zariya zuwa Kaduna tafiyar kamar kilomita 80 ce. A zamanin da ake ɗaukar hoto a kaset, sai an saka kaset ɗin a mota an ruga da shi Kaduna kafin lokaci ya ƙure. Yanzu ta intanet ake turawa, cikin 'yan mintoci ya isa.

Saurin ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne tabbatarwa. Kafin wakili ya isa, hotunan waya sun riga sun bazu a WhatsApp da Facebook, kowa da abin da yake faɗi. Wakilin kirki ba ya ɗaukar maganar mutum ɗaya. Zai tambayi wanda abin ya faru a kan idonsa. Zai tambayi fada. Zai je asibiti ya ji daga bakin likita. Zai nemi 'yan sanda da hukumar ba da agajin gaggawa. Sai maganar aƙalla mutum biyu da ba su haɗa baki ba ta zo ɗaya, sannan ya rubuta.

Wanda ya bi labarin masallacin a lokacin zai tuna cewa adadin waɗanda suka rasu bai tsaya wuri ɗaya ba. Da farko an ji huɗu. Can aka ji bakwai. Daga baya wasu kafofi suka ce takwas, wasu suka ce goma. Mutum zai iya cewa, ai ga shi nan, 'yan jarida maƙaryata ne. Amma a duba da kyau. A sa'ar farko ba a gama kwashe ƙasa ba. A irin wannan hatsari kuma, wanda aka kai asibiti da rai yana iya cikawa daga baya. Wanda ya ba da adadi da ƙarfe 5 da wanda ya ba da shi da safiyar Asabar, kowa abin da ya sani a lokacin ya faɗa. Shi ya sa ake jin mai karanta labarai yana cewa "aƙalla mutum kaza", ko "ya zuwa yanzu". Waɗannan kalmomi ba ado ba ne. Ma'anarsu ita ce lissafi bai rufe ba tukuna.

A labarin nan an kuma ji ta bakin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya bayyana cewa an lura da tsagewa a jikin ginin kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana shirin kawo injiniyoyi su gyara. Irin wannan magana tana da nauyi domin an san wanda ya faɗe ta, an san muƙaminsa, kuma ana iya komawa a tambaye shi. Ta sha bamban da "an ce" ko "wani ya ce".

Akwai kuma ladabin aiki a ranar musiba. Ba a nuna fuskar mamaci. Ba a kiran sunan wanda ya rasu kafin iyalinsa su sani, don kada uwa ta ji mutuwar ɗanta daga bakin akwati. Ba a tura wa mai kuka makirfo a baki. Tashar da ta karya waɗannan ƙa'idodi don neman 'yan kallo ta yi abin kunya.

ALMAKASHIN MAI TACE HOTO

Hoton talabijin mai motsi, a gaskiya hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri, guda 25 a cikin daƙiƙa ɗaya, har ido ya ga kamar motsi ne. Mai ɗaukar hoto yakan ɗauki wuri daga nesa don a gane inda ake, sannan ya matso kusa ya ɗauki fuska ko hannu ko abin da ya lalace. Yana iya ɗaukar hoton rabin awa. Amma abin da za a nuna da dare da wuya ya wuce minti ɗaya da rabi ko biyu.

To, ina sauran? Yanke shi ake yi. Akwai ma'aikaci mai tace hoto, wanda ke zama a gaban kwamfuta tare da wakili, suna zaɓen wannan suna barin wancan. Mutumin da aka yi hira da shi ta minti goma, daƙiƙa 15 ko 20 kawai za a saka daga maganarsa. Ba mugunta ba ce, lokaci ne babu. Sai dai a nan ne amana take, kuma a nan ne ake iya cin ta.

Ga misali. A ce an tambayi wani manomi game da rabon taki, ya ce: "An kawo taki, mun gode. Amma buhu ɗaya aka ba mutum biyar, kuma sai da lokacin sa taki ya wuce sannan ya iso." Idan aka yanke aka bar "An kawo taki, mun gode", ba a ƙara masa ko kalma ɗaya ba. Bakinsa ne, muryarsa ce, hularsa ce. Amma an juya maganarsa. Haka nan idan aka bar rabin ƙarshe kaɗai, an ɓoye cewa an kawo takin ma. Mai tace hoto na gari yakan zaɓi wurin da ya ɗauke ainihin nufin mai magana.

Kyamara ma tana da irin wannan dabara. Taron siyasa na mutum ɗari biyu, in aka ɗauke shi daga kusa, inda aka cunkushe, sai a ga kamar gari ne ya tashi. In aka ɗauke shi daga nesa, sai a ga fili da kujeru ba kowa. Duka hotunan na gaskiya ne, amma labarin da suke bayarwa daban. Wani lokaci kuma ba a sami sabon hoto ba, sai a ɗauko tsoho daga ma'ajiya a saka. Ana maganar ambaliyar bana, hoton kuwa na shekarar da ta wuce ne. Ƙa'ida ita ce a rubuta a jikin hoton cewa tsoho ne. Wannan wuri ne da iya karatu yake da amfani ƙwarai, domin wanda bai iya karanta ɗan rubutun nan na ƙasan allo ba, zai ɗauka abin yau ya faru. A wannan rubutun ne kuma ake sa sunan mai magana da muƙaminsa da garin da yake.

RUBUTU DA FASSARA

Kowane labari sai an rubuta shi kafin a karanta. Marubuci yakan yi ƙoƙarin amsa tambayoyi shida: me ya faru, wa abin ya shafa, a ina, yaushe, ta yaya, kuma don me. Abin da ya fi muhimmanci shi ake sawa a jimlar farko. Ba a yin irin na tatsuniya, inda ake ɓoye ƙarshe sai an ja rai.

Ma'aikatan talabijin suna lissafin cewa mai karanta labarai yana furta kamar kalma uku a daƙiƙa ɗaya. Kalma 180 ke nan a minti. Shirin rabin awa, ko da ba a tsaya ko sau ɗaya ba, ba zai wuce kalma 5,400 ba, ga kuma talla da take suna cin nasu rabon. Wannan darasi kaɗai, da za a karanta shi a talabijin, zai cinye kusan rabin lokacin. Ashe ke nan labarun dare ɗanɗano ne. Mai son cikakken bayani sai ya haɗa da rediyo da jarida.

A tashoshi da yawa da Turanci ake fara rubuta labari, sannan a miƙa wa mai fassara ya mayar da shi Hausa. Aikin nan yana da haɗari, kuma ba a cika yaba wa masu yinsa ba. Kuskuren harafi ɗaya tsakanin miliyan da biliyan ya ninka kuɗi sau dubu. Mai fassara da ya bi Turanci kalma da kalma yakan fito da Hausar da babu Bahaushen da zai gane ta. Zariya ta daɗe da sanin wannan matsala, domin a nan ne aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda su Alhaji Abubakar Imam suka sha fama wajen nemo kalmomin Hausa ga sababbin abubuwan zamani.

Idan an gama rubutu, sai mai shirya shirin ya jera labarun a takarda ɗaya, kowanne da lambarsa da tsawon lokacinsa. Na farko shi ne wanda gidan yake ganin ya fi girma. Daga cikin manyan ne ake ciro kanun labarai. Wasanni da hasashen yanayi sukan zo can ƙarshe. Manomi kada ya tashi kafin a zo wurin, domin hasashen daga hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, yake fitowa. Idan lokaci ya ƙure ana cikin shiri, labarun ƙasan takarda ake zubarwa. Sau da yawa wakili ya yini a rana, ya dawo ya rubuta, amma labarinsa bai ga allo ba.

CIKIN ƊAKIN WATSA LABARAI

Ɗakin da ake karanta labarai ba shi da taga. An lulluɓe bangonsa don kada ƙarar waje ta shigo. Fitilu masu ƙarfi suna rataye a sama. Mai gabatarwa yakan zo da wuri ya karanta takardun tun kafin lokaci, ya tambayi yadda ake furta sunayen da bai sani ba. Mutumin Zazzau ba ya jin daɗi in aka karya sunan Kuyambana ko Tukur-Tukur, haka ma mutumin kowane gari. Akan shafa masa 'yar hoda a fuska, ko namiji ne, don kada goshi ya yi ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Sutura ma ana kula da ita. Masu kallon NTA na da za su tuna Cyril Stober, wanda aka san shi da kayan gargajiya da hula a lokacin karanta labarun ƙasa.

Sirrin karatu ba tare da duban takarda ba kuwa, ga shi. A gaban idon kyamara akwai wani gilashi da aka kafa a karkace. A ƙarƙashinsa akwai allo mai nuna rubutu da manyan baƙaƙe. Rubutun yana haskawa a jikin gilashin, yana tafiya sama a hankali. Mai gabatarwa yana karanta shi, kyamara kuma tana hango shi ta bayan gilashin ba tare da ta ɗauki rubutun ba. Shi ya sa mai kallo yake ganin kamar shi ake kallo ido cikin ido. Duk da haka akwai takardu a kan tebur, saboda na'ura tana iya tsayawa.

A kunnensa akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa. Ta nan yake jin muryar darakta. Shi darakta yana wani ɗaki dabam mai cike da alluna, tare da mai kula da sauti da mai sauya hoto. Shi ke cewa a koma kyamara ta biyu, a saki hoton Zariya, saura daƙiƙa goma, a tafi talla. Kyamarar da jar fitilarta ta kama, ita ce take kan iska. Idan sabon labari ya faɗo ana tsakiyar shiri, a kunne za a raɗa masa, ko a miƙo masa takarda ta ƙarƙashin tebur, shi kuma ya karanta ba tare da fuskarsa ta nuna komai ba. Kai tsaye ake watsa shirin. In ya yi tuntuɓen harshe, duk ƙasa ta ji.

Daga ɗakin darakta hoto da murya suke tafiya zuwa na'urar watsawa. Labarun ƙasa daga Abuja akan harba su ta tauraron ɗan'adam, tashoshin NTA na jihohi su kama, su sake watsawa ta dogon turke zuwa eriyar da ke kan rufin gida. Mai faranti kuwa kai tsaye yake kamawa daga sama.

GIDAN WA NE?

Kowace tasha da mai ita. Wata ta gwamnatin tarayya ce, wata ta jiha, wata ta ɗan kasuwa, ɗan kasuwar kuma yana iya zama ɗan siyasa ko abokin 'yan siyasa. Ma'aikaci ɗan'adam ne, ya san wanda ke biyansa albashi. Tashar gwamnati takan fara da abin da shugaba ko gwamna ya yi, kuma ba ta cika ɗaga murya a kan gazawarsa ba. Tashar ɗan kasuwa ita ma tana da inda ba ta taɓawa. Wannan bai sa a daina kallonsu ba. Abin da ya kamata shi ne, idan labari babba ne, a ji shi daga gida biyu ko uku, a gwada.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. A gidajen talabijin da yawa a ƙasar nan, akwai labarun da kuɗi ake biya a saka su, kamar bikin naɗin sarauta, ko taron kamfani, ko ƙaddamar da littafi. Daidai shi ne a ware irin waɗannan a nuna cewa na kuɗi ne, kada a cakuɗa su da sauran labarai. Ba kullum ake yin haka ba. In aka ga labari duk yabo ne daga farko har ƙarshe, babu tambaya ko ɗaya, to mai kallo ya yi tunani.

KALMOMIN DA ZA A KASA WA KUNNE

Labarai suna da yarensu. "Ana zargin wane da sata" ba daidai yake da "kotu ta sami wane da laifin sata" ba. Na farko magana ce da ba a tabbatar ba, kuma mutumin yana iya fita ba laifi. Wanda ya ji "ana zargi" ya tafi kasuwa yana cewa wane ɓarawo ne, ya ɗauki alhaki. "A cewar" kuma tana nuna mai maganar, wato gidan talabijin bai ce shi ya gani da idonsa ba.

Wajen ayyukan gwamnati ne aka fi samun ruɗani, kuma nan ne ya fi shafar mutanen karkara. A ce ana maganar hanyar wani ƙauye a Giwa ko Soba. Idan aka ce gwamnati "ta yi alkawari", magana ce kawai. Idan aka ce "ta amince", an sa hannu a takarda. "Ta ware naira miliyan kaza" yana nufin an rubuta kuɗin a kasafi, ba lallai ne sun fito ba. "Ta ba da kwangila" yana nufin an sami ɗan kwangila. "An aza harsashi" ko "an ƙaddamar da fara aiki" yana nufin an yi biki an sari ƙasa. Sai an ce "an kammala" ko "an buɗe" sannan mota za ta hau. Tsakanin alkawari da buɗewa ana iya shekara biyar, ana iya ma ba a kai ba. Mutanen gari da suka riƙe waɗannan matakai za su san tambayar da za su yi wa kansila ko ɗan majalisa in ya zo: an ce an ware, to an saki kuɗin? Wane ne ɗan kwangilar?

KAI LABARIN ƘAUYE

Tun da kyamara ba ta cika zuwa ƙauye da kanta ba, mutanen ƙauye suna iya kai labarinsu. Gada ta karye, rufin makaranta ya yaye, tsutsa ta faɗa wa masara, ko kuma abin alheri, kamar gari ya yi aikin gayya ya gina ɗakin shan magani. Sai ƙungiyar gari ta zauna da mai unguwa ko dagaci, a rubuta takarda gajera zuwa ga editan labarai. A sa sunan gari da ƙaramar hukuma, da ranar da abin ya faru, da yawan mutanen da ya shafa, da ofishin da aka riga aka kai wa kuka da abin da suka ce. A sa sunan mutum biyu da za a iya nema. In akwai mai waya, ya ɗauki hoto da rana, ya riƙe wayar a kwance, kada hannu ya yi rawa. Kada a ƙara gishiri. In gida goma ruwa ya ci, a ce goma. Wakili zai zo ya ƙirga, in ya tarar an ce ɗari, ba zai sake amsa kiran garin ba. Tashar jiha da gidajen rediyon da ke kusa sun fi saurin ɗaukar irin wannan labari a kan labarun ƙasa na Abuja.

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya kalli labarun dare sau ɗaya a wannan mako, da fensir da littafi a hannu. Wanda babu talabijin kusa da shi ya saurari na rediyo. Ya rubuta labari uku na farko. A gaban kowanne ya rubuta sunan wanda aka ce shi ya faɗa, da garin da abin ya faru. Sannan ya ƙirga, a cikin shirin duka, sau nawa aka ji muryar manomi ko makiyayi ko 'yar kasuwa. A kawo wa malami ranar aji, a karanta a gaban juna.